Sau huɗu ka sauya Linux a kwamfutar da mutum uku suke amfani da ita

Wani malamin sakandare daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Kwamfutar tebur guda ɗaya muke da ita a gida, ta gwanjo ce, mai Core i5 ƙarni na huɗu da ram gigabait 8 da faifan ajiya irin mai juyawa na gigabait 500. Da aka daina kula da Windows 10, kwamfutar kuma ta ƙi karɓar Windows 11, sai wani tsohon ɗalibina ya ɗora mini Ubuntu. Na ji daɗinsa, amma da na fara kallon bidiyoyi na ga ana yabon waɗansu, sai na koma Manjaro, daga nan Fedora, yanzu kuma ina kan Debian, duk a cikin wata biyar. A sauyin ƙarshe na goge faifan gaba ɗaya, na manta cewa lissafin bashin maiɗakina yana ciki, inda take rubuta waɗanda suka karɓi atamfa da turare ba su biya ba. Mako uku ke nan ba ta taɓa kwamfutar ba, ta koma rubutu a littafi. Ɗana kuma yana shirin jarrabawar JAMB, yana ƙorafin duk lokacin da ya zauna sai ya tarar komai ya sauya wuri. Don Allah wane nau'in Linux ne ya fi kowanne, in ɗora shi in huta? Kuma yaya ake sauyawa ba tare da asara ba?"

Malam, Allah Ya ƙara haƙuri. Kafin mu kai ga tambayarka akwai abin da ba ya jiran gobe, wato ka kashe kwamfutar nan, kada ka sake sauke wani abu ko ajiye wani abu a cikin wannan faifai har sai an gwada ceto fayil ɗin maiɗakinka. Dalili kuwa shi ne, idan aka ce an goge faifai irin mai juyawa a lokacin ɗora sabuwar babbar manhaja, galibi ba a bin kowane lungu a share shi. Abin da ake yi shi ne a rushe jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, a rubuta sabo, sannan a zuba sababbin fayiloli a wani sashe na faifan. Tsofaffin bayanan suna nan kwance a sauran wurin har ranar da wani abu zai hau kansu. Debian da ka ɗora bai ci fiye da 'yan gigabait ba daga cikin 500, saboda haka akwai yiwuwar lissafin yana nan, amma duk bidiyon da aka sauke da duk sabuntawar da aka yi a cikin makonni ukun nan suna rage wannan yiwuwar.

Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec, wadda take zuwa tare da TestDisk, aikinta shi ne ta bi faifai daga farko har ƙarshe tana shinshino fayiloli ta hanyar alamomin da ke farkonsu, ba tare da ta dogara da jadawalin da aka rushe ba. Ana tayar da kwamfutar daga filash, a nuna wa manhajar faifan da za ta bincika, a kuma nuna mata wani faifai na dabam inda za ta zuba abin da ta samo, domin idan aka ce ta zuba a kan faifan da take bincika to za ta riƙa binne abin da ake nema da hannunta. Aikin yana cin sa'o'i da yawa, don haka sai a ranar da kake da tabbacin wuta ko janareta. Kuma ka sani cewa fayilolin za su dawo babu sunayensu na asali, sai lambobi, dubbai a jibge, sai an zauna an tsince waɗanda suke na lissafi ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga aikin ya fi ƙarfinka, ka kira ɗalibin nan naka, amma ka tsaya a kansa, kada ya ce bari ya fara ɗora wani abu tukuna.

Kada ka yi wa maiɗakinka alkawarin cewa lissafin zai dawo. Yana iya dawowa, yana iya dawowa a lalace, yana kuma iya ƙin dawowa. Abin da ke hannunka shi ne ka same ta ka amsa laifinka kai tsaye, ba tare da ka jingina shi ga kwamfuta ko ga ɗalibi ba, sannan ka ware yammaci ɗaya ko biyu ku zauna tare ku sake gina lissafin daga saƙonnin WhatsApp da ta yi da masu saye, da saƙonnin shigar kuɗi na banki, da abin da take iya tunawa. Mai sana'a ba ta cika manta wanda take bi bashi ba, adadin ne yake rikicewa, adadin kuma sau da yawa yana nan a cikin hirar waya. Shirun da ta yi a kan kwamfutar, a ganina, ya wuce batun fayil guda ɗaya. Ta ajiye dukiyarta a wurin da ta ɗauka amintacce ne, sai ta tarar cewa wurin ɗakin gwajinka ne, kuma ba a shawarce ta ba ko sau ɗaya a cikin sauyi huɗu. Komawarta ga littafin takarda hukunci ne mai hankali, kada ka matsa mata ta bar shi.

To, mu zo ga tambayar wanne ya fi. Ba zan ce maka babu bambanci ba, akwai, amma bambancin ba a inda bidiyoyin suke nuna maka yake ba. Abin da ake kira Linux a asali ƙwaya ce kawai, wato zuciyar babbar manhaja mai magana da kayan ƙarfen kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland a shekarar 1991. Kowane nau'i da ka ɗora, wanda masu harkar suke kira distro, wasu mutane ne suka ɗauki wannan ƙwaya suka haɗa ta da manhajoji, suka zaɓa mata fuska, suka tsara yadda za a riƙa sabunta ta. Firefox ɗin da ke cikin Fedora shi ne a cikin Ubuntu, LibreOffice, wato manhajar rubutu da lissafi mai kama da Word da Excel, wanda ke cikin Debian shi ne a cikin Manjaro, sai dai wani ya fi wani sabunta da 'yan watanni. Nau'o'in kuma dangi-dangi ne. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, shi ne uban Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a watan Oktoban 2004, Ubuntu kuma shi ne uban Linux Mint da ya fito a 2006. Fedora ɗan gidan kamfanin Red Hat ne, Manjaro kuwa reshen Arch ne. Wato a cikin wata biyar ka zaga gidaje uku, ka dawo gidan da ka fara, sai dai wannan karon a ɗakin kaka ka sauka.

Abin da yake jan idon mutum a bidiyo kusan kullum fuskar ce: inda maɓallin farawa yake, yadda tagogi suke buɗewa, launi da kwalliyar gumaka. Wannan fuska manhaja ce mai zaman kanta, kuma ba mallakar wani nau'i ba ce. Akwai GNOME, wadda Ubuntu da Fedora suke zuwa da ita, akwai KDE Plasma, akwai Cinnamon ta mutanen Mint, akwai Xfce mai sauƙin nauyi. Ina kyautata zaton abin da ya burge ka a Manjaro fuskar KDE ce ko Xfce, alhali Ubuntu ɗin da ka baro yana da 'yan'uwa masu ɗauke da waɗannan fuskoki, wato Kubuntu da Xubuntu. Mutum ne ya ga riga mai kyau a jikin maƙwabci, maimakon ya je wurin tela sai ya sayar da gidansa ya koma unguwar maƙwabcin. Wannan fuska kuma ita ce ɗanka yake kuka da ita, domin shi bai damu da sunan da ke ƙarƙashi ba, abin da ya sani shi ne jiya maɓallin yana ƙasa ta hagu, yau yana sama.

Bambancin da ya kamata mai gida ya auna shi ne saurin sauyi da tsawon kulawa, kuma a nan ne nau'o'in suka rabu da gaske. Ubuntu yana fitar da sabon zubi duk wata shida, a Afrilu da Oktoba, amma na watan Afrilun kowace shekara biyu shi ne mai dogon zango, wanda ake yi wa laƙabi da LTS, ana kuma kula da shi shekara biyar, shi ya sa zubin 24.04 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Fedora shi ma duk kusan wata shida yake fitowa, amma kulawar kowane zubi ba ta wuce kimanin wata goma sha uku ba, ma'ana dole ne ka yi babbar ƙaura aƙalla sau ɗaya a shekara, ko kana so ko ba ka so. Arch da 'ya'yansa ba su da zubi ma sam, kullum a kan tafiya suke, sababbin abubuwa suna shigowa babu tsayawa, tsarinsu kuma bai yarda ka sabunta wani sashe ka bar wani ba, sai dai ka sabunta duka a tare. Debian yana can ɗaya gefen, kusan duk shekara biyu yake fitowa, na 12 a watan Yunin 2023, na 13 a watan Agustan 2025, tsakanin nan kuwa ba ya taɓa komai sai gyaran tsaro da na kurakurai.

Wanda yake zaune inda intanet ba ta da awo kuma wuta ba ta ƙiftawa yana iya ɗaukar wannan bambanci a matsayin ɗanɗano kawai. A wurinmu lissafin kuɗi ne. Nau'in da yake kan tafiya kullum yana iya neman ka sauke ɗaruruwan megabait a mako, wani lokaci fiye da gigabait a zama ɗaya, daga datar da ka saya don wata guda. Ga kuma sauke nau'in kansa: fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kai kusan gigabait 6, na Mint kusan 3, kuma bayan kowace ɗorawa akwai tarin sabuntawa da ke jira. Ka lissafa sau huɗu ka ga abin da yawon ya ci. Haɗarin wuta ya fi wannan ma. Ni kaina na taɓa fara babbar sabuntawa da daddare ina ganin wutar ta zauna, ana tsaka da sauya ƙwayar aka ɗauke ta, da safe na kunna kwamfutar ta tsaya a baƙin allo da farin rubutu, alhali akwai takardar da zan miƙa ƙarfe tara. Na gyara ta daga baya da filash, fayilolina kuma ba su ɓata ba, amma takardar sai a shagon buga takardu na sake rubuta ta daga kaina. Tun daga ranar ba na fara sabuntawa sai da na'urar riƙe wuta a haɗe, kuma na daina sha'awar tsarin da ke sa ni tsallaka wannan rami kowane mako.

Da wannan ma'auni, ga kwamfutar da mutum uku suke amfani da ita, shawarata ita ce Linux Mint mai fuskar Cinnamon, jerin zubi na 22, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04 kuma ake kula da shi har 2029. Ban zaɓe shi don ya fi sauran ƙarfi ba. Na zaɓe shi ne don fuskarsa ta yi kama da Windows ɗin da iyalinka suka saba da shi, da maɓallin farawa a ƙasa ta hagu da agogo a ƙasa ta dama, don haka maiɗakinka da ɗanka ba za su sake koyon tafiya ba. Yana tambayarka tun a lokacin ɗorawa ko kana son a haɗa maka abubuwan kunna bidiyo da sauti, ka danna akwati ɗaya shi ke nan, abin da a Fedora sai ka ƙara wata ma'ajiyar manhajoji ta waje kafin ka samu cikakke. Yana da wurin da ake danna linzami a ɗora direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kayan ƙarfe irin su firinta da katin Wi-Fi su yi aiki, yana da manajan sabuntawa mai bayani a fili, kuma da yake ɗan gidan Ubuntu ne, kusan duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ya ci karo da ita an kuma rubuta maganinta. Ram ɗinka na gigabait 8 ya ishe shi har da saura, tun da su kansu 4 suke ba da shawara.

Mai adalci zai ce, to me ya sa ba zai zauna a kan Debian ba tun da yana kansa, ai sauyi na biyar ma sauyi ne? Magana ce mai nauyi, kuma da ba don batun ceto faifan ba da na ce ka bar shi haka, musamman da yake tun daga zubi na 12 Debian yana haɗo ƙananan manhajojin da katin intanet da makamantansa suke buƙata a cikin fayil ɗin ɗorawa, abin da a da yake wahalar da sababbin shiga. Amma tun da wannan faifai dole ne a ajiye shi gefe, sabuwar ɗorawa ta zama tilas, kuma Debian yana ɗaukar cewa mai amfani da shi ba ya tsoron rubuta umarni, alhali mutum biyu daga cikin ukun da ke gidanka ba su nemi wannan karatu ba. Idan kuma ka tambaye su suka ce Ubuntu ɗin farko ya fi kwanta musu, to ka koma Ubuntu mai dogon zango ka manta da zaɓina, domin tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai darajar yardarsu ba. Tambayar tasu ma wani sashe ne na gyaran abin da ya ɓaci.

Bari in ɗan ratse a kan masu bidiyon. Wanda sana'arsa ita ce nuna sabon nau'in Linux duk mako dole ne ya samo abin yabo duk mako, kuma galibi a kwamfutar da babu lissafin kowa a ciki yake gwajinsa, ya yi kwana uku ya goge. Haka nan jerin da shafin DistroWatch yake fitarwa, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ƙidayar masu leƙa shafin kowane nau'i ce, ba ƙidayar masu amfani da shi ba. Idan kuma wani matashi ya ce maka nau'in Kali ne na ƙwararru, ka gode masa ka wuce, domin an yi shi ne don masu gwajin tsaron na'urori, masu yin sa da kansu ma sun ce bai dace da aikin yau da kullum ba.

Yanzu ga yadda za a yi sauyin. Ka sayi ƙaramin faifai irin na SSD, wato wanda ba ya juyawa, ko da mai gigabait 240 ne ko 256, domin jifa ɗaya ce za ta kashe tsuntsu fiye da ɗaya. Saurin da kake nema a cikin sauye-sauyen nan yana cikin wannan faifai, don kwamfuta mai irin shekarun taka babu nau'in Linux da zai ƙara mata gudu kamar yadda barin faifai mai juyawa zai ƙara mata. Ka buɗe akwatin kwamfutar bayan ka zare ta daga wuta, ka cire wayoyi biyun da ke jikin tsohon faifan, siririyar ta bayanai da mai faɗin ta wuta, ka maƙala su a jikin sabon. Idan tsohon faifan ba ya haɗe, babu kuskuren dannawa da zai iya taɓa shi, kuma kuskuren da ya fi cin mutane a wannan aiki shi ne zaɓen faifan da ba shi ba a allon da ke tambayar inda za a ɗora, inda sunayen faifan suke kama da juna, harafi ɗaya ne ya raba su. Bayan an gama komai sai a mayar da tsohon a matsayin na biyu, a yi aikin ceton a kansa, a zuba abin da aka samo a cikin sabon.

Amma kafin ka danna maɓallin ɗorawa, ka yi abin da ina jin ba ka yi ba a sauyi huɗun da suka wuce, wato ka gwada nau'in daga filash ba tare da ka ɗora shi ba. Kusan dukansu suna tashi daga filash su yi aiki sosai ba tare da sun taɓa faifai ba. Akwai wata manhaja mai suna Ventoy wadda ake shirya filash da ita sau ɗaya, daga nan sai dai ka riƙa kwafa fayilolin nau'o'i daban-daban a ciki kamar yadda ake kwafa waƙa, idan ka tayar da kwamfuta ta jero maka su ka zaɓa. A wannan zama ka kira maiɗakinka da ɗanka, gani ya kori ji. Ka haɗa firinta ka buga shafi guda. Ka kunna karatu ko wa'azi ka ji ko sauti yana fita. Ka gwada intanet, idan kuma ɗan abin kama Wi-Fi da ake sokawa ta USB ya ƙi aiki, ka haɗa wayarka ta Android da kebul ka kunna raba intanet ta USB, wannan yana aiki nan take ba tare da direba ba, da shi kuma za ka iya sauke direban da ya ɓace. Ta buɗe wani fayil ɗin Excel a cikin LibreOffice ta ga ko layuka da jimla sun zauna daidai. Kai kuma da kake shirya tambayoyin jarrabawa, ka shiga saitin allon madannai za ka tarar da tsarin Hausa na Najeriya har da na Ghana, masu ba ka ɓ da ɗ da ƙ, kuma wannan jeri ɗaya ne a dukan nau'o'in da ka zaga. Idan takardun da abokan aikinka suke turo maka daga Word suna zamewa, sau da yawa rashin irin rubutun da suka yi amfani da shi ne, akwai kuma madadin da aka auna daidai da su, Liberation a madadin Times New Roman da Arial, Carlito a madadin Calibri.

Batun ɗanka yana buƙatar bincike na musamman. Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, waɗansu manhajojin gwaji da ɗalibai suke saye kuma don Windows kaɗai aka yi su. Ka tambaye shi wacce yake amfani da ita. Idan ta burauza ce ko ta waya, babu matsala. Idan ta Windows ce, ana iya gwada ta da Wine, manhajar da ke sa waɗansu kayan Windows su yi aiki a Linux, amma wata tana yi wata ba ta yi, musamman masu neman lambar kunnawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada yaro ya gano wannan saura mako biyu jarrabawa. Haka ma idan akwai mai buƙatar CorelDRAW ko Photoshop a gidan, babu su a Linux, kuma sauya nau'i sau goma ba zai kawo su ba. A irin wannan hali gara a bar Windows a wani faifai na dabam don wannan aiki kaɗai, a rage shiga intanet da shi, tun da an daina yi masa gyaran tsaro na kowa da kowa daga 14 ga Oktoban 2025.

Idan an gama ɗorawa, ka buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa: naka mai ikon ɗora manhaja da sauya saiti, na maiɗakinka, da na yaron. Kowa zai sami foldarsa da fuskarsa, idan ka sauya launi ko ka matsar da wani abu a naka ba zai shafi nasu ba, wannan kaɗai zai kashe rabin ƙorafin. Sannan ka kunna Timeshift, wanda yake zuwa a cikin Mint, mai ɗaukar hoton tsarin kwamfutar lokaci-lokaci domin idan sabuntawa ta lalata wani abu a koma yadda ake jiya. Amma ka lura da kyau, domin nan mutane suke ruɗuwa: Timeshift tsarin kwamfuta yake adanawa, a saitinsa na asali ba ya ɗaukar takardu da hotunan mutane. Lissafin maiɗakinka yana buƙatar tasa ajiyar, kuma mafi sauƙi shi ne filash guda nata na kanta, wanda ba ya zama a jikin kwamfutar, ta kwafa fayil ɗin a ciki duk ranar Juma'a, ta kuma tura wa kanta kwafi ta imel ko ta waya. Filash ɗin ya zauna a hannunta, a inda take ajiye kuɗin cinikin.

Za ka ji ana cewa a raba faifai gida biyu, a ware wa foldar mutane, wadda ake kira /home, nata ɓangaren, domin a riƙa sauya nau'i ba tare da an taɓa ta ba. Dabara ce mai amfani ga wanda ya san abin da yake yi, amma ba ajiya ba ce, domin danna "goge faifai gaba ɗaya" sau ɗaya yana cinye ɓangarorin duka, faifan kuma idan ya mutu da duka yake mutuwa. Ban da haka, a cikin wannan folda akwai ɓoyayyun fayilolin saiti masu farawa da ɗigo, waɗanda nau'i ɗaya ya rubuta, idan wani nau'in ya gaje su sai ka ga abubuwa suna yin wani iri ba ka san dalili ba. A halinka ban ga buƙatarta ba, kuma ina tsoron ta zama maka lasisin ci gaba da yawo.

Sha'awar taka kuwa ba laifi ba ce, kuma ba na so ka kashe ta, domin malamin da ya iya ɗora nau'i uku da kansa a cikin wata biyar ya koyi abin da zai amfani ɗalibansa. Wuri kawai za ka sauya mata. Filash ɗin Ventoy yana nan don leƙe, VirtualBox kuma zai ba ka damar ɗora kowane nau'i a cikin taga kamar wata manhaja, ka ba shi ram gigabait 3 ko 4, ka lalata shi yadda kake so ka goge. Bayan an gama ceton abin da za a iya cetowa, kuma maiɗakinka ta duba ta ce babu sauran abin da take nema a ciki, tsohon faifan mai gigabait 500 ya zama naka, ka ɗora masa Arch ma idan ka ga dama, da sharaɗin duk ranar da za ka yi ɗorawa a kansa ka fara zare wayar sabon faifan tukuna. Shi kuwa sabon, babban sauyi na gaba da zai gani sai wa'adin zubinsa ya kusa cika a 2029, a lokacin hutun makaranta, bayan an kwafe fayilolin kowa, kuma bayan ka sanar da mutanen gidan da mako guda.